Duwatsun Ƙofar Gidan Kaka

Ronclap, 18 ga Yuli, 1976

Zuwa ga taubashiyata Nives,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ku lafiya, ke da Kawu Gelindo da Inna Onorina. Mu nan da sauƙi. Har yanzu a tanti muke, a filin ƙwallon bayan makaranta, wata biyu ke nan da 'yan kwanaki tun girgizar ƙasa. Mama tana nan ƙalau, sai ciwon gwiwa da faɗa. Jiya ta kori sojan da ke rabon abinci, wai tuwon masararsa ruwa ne zalla, ko alade ba zai gode ba. Bargunan da kuka aiko sun iso, mun gode.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Gidan Kaka bai faɗi ba, kamar yadda na shaida muku ta tangaraho a watan Mayu, amma ya tsage. Bangon gabas ya rabu da rufi, hannuna yana shigewa tsagar har gwiwar hannu. Bakan dutsen nan da ya lanƙwashe a saman ƙofar gida yana tsaye, sai dai dutsen tsakiya ya zame kamar faɗin yatsa biyu. Ni safiyo ne, ba boka ba, amma na san in aka tokare shi da katako aka ɗaure da ƙarfe kafin sanyi, zai rayu.

Hukumar gari ta raba wa kowane gida takarda mai gurbi uku. Na farko recupero, na biyu ripristino, duka biyun irin gyara ne, na uku a rushe a gina sabo. Masu tokara ba sa taɓa gida sai mai shi ya zaɓi gurbi ya sa hannu, gidan kuwa da sunan Kawu yake tun rasuwar Kaka, tunda shi ne babba. Mama ta je ta ce ita ma a ɗakin nan aka haife ta, akawu ya ce mata haihuwa ba sa hannu ba ce. Na haɗo takardar. Kawu ya zaɓi na farko, ya sa hannu gaban lauya, ku mayo da ita kafin ƙarshen Agusta.

Ki gaya masa ƙanwarsa tana cigiyar rubutunsa. Tun Ista bai rubuto ba, sai "Baba yana gaisuwa" a gindin wasiƙarki. Na ce mata mai daɓen manyan benayen Melbourne ina ya ga lokacin 'yan tanti, ta jefe ni da takalmi.

Ke kuma, tafintar asibiti da kotu, wadda aka ce ba a shari'ar mutumin ƙasarmu a can sai an kira ki, ga shafi ɗaya tal. Kada ki ce ya fi ƙarfinki.

Naki,
Ermes


Thornbury, Melbourne, 9 ga Agusta, 1976

Taubashina Ermes,

Takardarka ta iso. Muna lafiya, sanyi ne dai da ruwa suka hana mu sakat. Mama ta yi hawaye da ta ji Gwaggo Elda na faɗa, ta ce to, ashe da sauranta. Baba yana hutawa a gida kwanan nan, hannu na ɗan damunsa. Yana gaisuwa.

Lauyanmu ya ce ba ya shaidar takardar da ba zai iya karantawa ba, sai an mayar da ita daga Italiyanci zuwa Turanci. Ka ce shafi ɗaya ne. Bari ka ji.

Ina da kwalin takalmi cike da ƙananan katuna, shekara tara ina tarawa. Duk kalmar da ta taɓa ba ni kunya gaban alƙali ko likita sai in rubuta ta in jefa. Recupero kaɗai katinta goma sha ɗaya. A asibiti, in mai karaya ya soma taka ƙafa, Bature recovery yake cewa. Da jirgin kamun kifin wani mutumin Sicilia ya nutse aka tsamo shi, na ɗauko wannan kalmar na faɗa, mai inshora ya kalle ni ta saman tabarau ya ce a ruwa salvage ake cewa. A masana'antar gilashi, inda suke kama zafin da zai fita ta bututu su mayar tanderu, nan ma ana gardama. Malamin makaranta da yake jan yaron da aka bari a baya yana da tasa. Mu kalma ɗaya muke ɗauka mu yi duk wannan aiki da ita, su kowace sana'a ta kama tata ta riƙe. Na zazzage kwalin kaf, ba ni da katin tsohon gida ko ɗaya. A nan in gida ya tsufa katafila ake kira masa.

Ripristino kuwa a bakin masu lantarki na san ta, in wuta ta ɗauke aka mayar. A gini me ya raba ta da ta farko? In na sa kalmar da ba ita ba, Baba zai sa hannu kan abin da ba shi yake nufi ba. Ka tambayo mini injiniya, ka rubuto dalla-dalla. Ba na son a yi gaggawa.

Ka rungume mini Gwaggo.

Nives


Ronclap, 24 ga Agusta, 1976

Nives,

Muna lafiya, in zaman tanti lafiya ne.

Na buɗe ambulan ina laluben takardar Kawu, sai na tarar da ƙamus. Na karanta wa Mama. Da na kai kan jirgin mutumin Sicilia ta ce, "Shi Gelindo fa? Bai ce komai ba?" Na ce hannu ke damunsa. Ta ce, "Baki ma?" Ta fita wajen tanti ta daɗe ba ta dawo ba.

Tunda darasi kike so, ga shi, ba sai na je wurin injiniya ba. Ripristino, a mayar da gida kamar yadda yake jiya a ido, ko da siminti ne aka shafa masa fenti. Recupero, a riƙe abin da ya saura, dutsen da Kaka ya sara shi za a mayar, da tabonsa da komai. Ko ɗan lebura a nan ya san wannan. Kawu ya fi ni sani, shi da Kaka suka ɗora bakan nan yana ɗan shekara goma sha bakwai. Ki tambaye shi mana, ba a gida ɗaya kuke kwana ba?

Zan faɗa miki abin da ke raina. Ina ganin kun yanke shawarar a rushe, kunya ce ta hana ku faɗa, kika ɓuya bayan katunanki. In haka ne ku faɗa. Shekara ashirin da biyar da barin gida ba wasa ba ce, mutum yana da hakkin ya manta. Masu tokara suna gidan maƙwabcin Kaka, Tarcisio, yanzu, bango ɗaya ya raba mu da shi. Na roƙe su katako huɗu kawai, suka ce ina takarda.

Ermes


Ronclap, 18 ga Satumba, 1976

Nives,

Kafin komai, muna raye, ni da Mama. An kwashe tsofaffi zuwa bakin teku, tana wani otal tare da matan unguwa.

Ranar Laraba da hantsi ƙasa ta sake motsawa, ta fi ta Mayu a wurinmu. Ina tsaye a bakin hanya na ga gidan Kaka ya durƙusa. Bangon gabas ne ya fara, bakan ya tsaya shi kaɗai kamar na numfashi uku, sannan ya bi. Ban samu amsar wasiƙata ba. Yanzu kina iya zaɓar duk kalmar da ta yi miki.

Abu ɗaya ya rage. Katafila za ta kwashe ɓaraguzan unguwarmu ta zuba a gaɓar kogi daga ƙarshen Nuwamba, sai abin da mai gida ya nema a rubuce. Takardar nan dai ce, gurbin farko. In ta zo, zan tsame duwatsun bakan ƙofa. In ba ta zo ba, sun tafi.

Kada ki gaya wa Kawu gidan ya faɗi, shekarunsa sun ja. Ki ce masa gyara ne, ya sa hannu kawai.

Ermes


Thornbury, 1 ga Oktoba, 1976

Ermes, ɗan'uwana,

Ba zan fara da muna lafiya ba. Na gaji da rubuta ta.

Ran 27 ga Afrilu, kwana tara kafin girgizarku ta farko, Baba ya faɗi a lambun bayan gidanmu yana ɗaure tumatir. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Turanci ya tafi, Italiyanci ya tafi, sai 'yan kalmomin harshen ƙauye suka rage masa, su ma ɗaya-ɗaya. Muna shirin rubuto muku sai ga labarinku a jarida. Mama ta ce mace tana kwana a tanti ba a ƙara mata da wannan. Ta kuma ce shi ma kada ya ji, kada abin ya ƙarasa shi. Aka kashe rediyo, aka ɓoye jarida, duk mai zuwa dubiya sai Mama ta tare shi a baranda ta ja masa kunne. Ermes, Baba bai san an yi girgizar ƙasa ba sam. A ransa Gwaggo tana nan tana shanya wake a ƙarƙashin bakan nan.

Maganar lauya gaskiya ce, amma fassarar aikin yamma ɗaya ce. Na ja ta ne, ina cewa bari hannun ya dawo, bari ya ƙara ƙarfi in gaya masa. Wasiƙarka ta Agusta na karanta ta sau bakwai, na kasa amsawa, don duk amsar da zan ba ka sai da ƙarya a ciki. Ramin ƙarya ƙurarre ne, na kai ƙarshen nawa. Jinkirina ne ya kayar da gidan, kuma abin yana cina.

Ka ce in ce masa gyara ne. Ba zan iya ba. A asibiti ni na yi wa Mama tafinta. Likita ya yi bayaninsa, ta damƙe hannuna ta ce, "Me ya ce? Zai warke?" Kalmar warkewa sarai tana kan harshena, guarigione, da na faɗe ta da ta yi barci ranar. Amma ba ita likita ya nufa ba. Na ce mata recupero, zai dawo da wani abu, ba duka ba. Ta sake ni ta ce, "Ke 'yarsa ce ko 'yar likita?" Kwana biyu ba ta yi mini magana ba. Wata biyar na yi wa Baba shiru, kuma shirun ma ba gaskiya ba ne, na sani. Amma in ɗora hannunsa kan takarda in karanta masa abin da ba shi ke ciki ba, wannan ban taɓa yi wa ko baƙo ba. Shi ma lauyan ba zai shaida ba sai ya ga Baba ya gane abin da yake yi.

Don haka ko dai in gaya masa duka, ko duwatsun su tafi kogi. Mama ta ce duwatsu ne kawai. Kai me ka ce? Ka tambayi Gwaggo, yayanta ne. Ka yafe mini.

Nives


Ronclap, 16 ga Oktoba, 1976

Taubashiyata,

Na karanta takardarki a tsaye a gidan waya, na nemi dakali na zauna. Maganganun da na yaɓa miki, ki zubar. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari, ni ma ai cewa na yi ki yi masa ƙarya.

Batun jinkiri, zan gaya miki iyakar abin da na sani. An tokare gidan Tarcisio, ya faɗi. An tokare na fadan coci, yana tsaye. Namu ban san wanne zai bi ba, kuma ba wanda ya sani. Ba zan ce miki ba komai ba ne, amma kada ki ɗauki kayan ke kaɗai.

Na hau bas na je wurin Mama. Tana zaune a barandar otal ta juya wa teku baya, wai ba ta ga abin kallo a ruwan da ba a ban-ruwa da shi ba. Na gaya mata. Ta yi kuka sosai. Da ta share fuska ta ce, "Ku yara kun mayar da mu ƙwai. Gelindo magini ne, ya san bango yana faɗuwa. Ku gaya masa. In ya ji daga baya an zubar da duwatsun ubansa a kogi yana zaune ana dama masa kunu, wannan ne zai kashe shi." Haka ta ce, ban ƙara ba.

Hukuma ta yarda ko alama ya yi ta isa, in lauya ya shaida.

Ga kuma wata matsala. Kullum da yamma ina tonon ɓaraguzai, na tsamo duwatsu ashirin da shida da nake zaton na bakan ne, na sa musu lamba da jan fenti. Amma ban san jerinsu ba. Shekara talatin ina wucewa ƙarƙashinsa ban taɓa ɗaga kai na ƙirga ba, hoton da muke da shi kuma rassan inabi sun rufe rabinsa. Na gwada a takarda ya ƙi rufuwa. Na yanko fuskar kowane dutse a kwali, ƙanana, kashi ɗaya cikin goma, da lambarsa. Su ne a ƙunshin nan. In Kawu ya iya, to. In bai iya ba, kada ki matsa masa.

Naki,
Ermes


Thornbury, 8 ga Nuwamba, 1976

Ermes,

Baba yana raye, yana ci. Na fara da wannan don na san da shi za ka fara nema.

Na gaya masa ranar Alhamis da safe. Mama ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "In wani abu ya same shi, ke ce." Na ja kujera gabansa na yi masa da harshen ƙauye, a hankali, tun daga Mayu. Ya zuba mini ido. Ya ce, "Elda?" Na ce tana raye. Ya ce, "Yaron?" Kai ke nan, da gemunka. Na ce kana raye. Ya daɗe yana kokawa da bakinsa, sannan ya ce, "Gida?" Na ce ya faɗi, Baba.

Ya juya fuska bango. Kwana uku ko ruwa sai da dabara. Mama ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ban taɓa jin tsoro irin na kwanakin nan ba.

Ranar Lahadi na zube kwalayenka a teburin kicin, na turo shi wajen a kujerarsa mai taya kamar zan ba shi kofi. Na zauna ina jerawa, manya a ƙasa hagu da dama, ƙanana a sama, kamar yadda kowa zai yi. Ina jin numfashinsa yana canzawa. Can sai hannun hagu ya zo ya share aikina gaba ɗaya. Ya ɗauki lamba goma sha huɗu, ya juya ta, ya wurgar ƙasa. Sai ya buɗe baki, jimla guda cur, ta farko tun Afrilu:

"Wane jaki ne ya sa wa wannan lamba? Kwamin aladun Tarcisio ne!"

Mama ta saki cokali. Ta ce, "Gelindo, ɗan ƙanwarka ne." Ya ce, "Jaki." Na yi alkawarin zan isar maka, ga shi na isar.

Awa biyu ya yi yana jerawa, gumi na zuba. Manyan duwatsun duk hagu ya tara su, na ce Baba ai ya karkace, ya buge mini hannu. Ya karkata tafinsa ya ce, "Rafi." Mama ce ta gane, ƙasar ƙofar gidan ta gangara wajen rafi, shi ya sa Kaka ya sa nauyin a gefe ɗaya. Wuri biyu ya bari, ya sa kwalin ashana a kowanne. Duwatsu ashirin da bakwai ne, kana da ashirin da biyar. Na zana jerin a bayan takardar nan, na nuna masa, ya gyaɗa kai.

Lauya ya zo ranar Talata. A fassarar ban sa kalma ɗaya a gurbin farko ba, don babu wadda ta ɗauke shi. Na rubuta: a ajiye waɗannan duwatsu, su ɗin, a sake ɗora su inda suke. Lauya ya ce wannan ba harshen doka ba ne, na ce amma shi takardar ke nufi. Ya tambayi Baba ko ya san abin da zai sa wa hannu. Baba ya daki tebur kusa da bakan kwali har kwalin ashana ya yi tsalle. Lauya ya ce ya gamsu. Aka ce ya yi alama kawai, ya ƙi, ya yi minti goma yana zana harafin farko na sunansa da hagu.

Ya yi kuka bayan tafiyar lauya. Yana yi kullum yanzu, da an ambaci Gwaggo. Hannun dama bai motsa ba, likita kuma bai ce zai motsa ba. Jirgi ma ba zai ƙara hawa ba, ina ganin ya sani.

Ga takardar. Allah ya sa ta riga katafila.

Nives


Ronclap, 6 ga Disamba, 1976

Nives,

Jakin yana gaisuwa. Muna lafiya, wannan karon da gaske. An ba ni ɗakin katako, dusar ƙanƙara ta sauko har gindin dutse.

Takardar ta iso ran ashirin da biyu. Hukuma ta bar mini abin da na sa wa lamba, shi kaɗai. Sauran gidan ya tafi kogi ran ɗaya ga wata, mota tara. Ban tsaya kallo ba. Na mayar wa Tarcisio kwaminsa, ya ce yana ta nema.

Ni da maza huɗu muka kwashe duwatsun zuwa lambun Kaka, muka kwantar da su a kan ciyawa bisa jerin Kawu. Da muka tura na tsakiya ya zauna daram, ko wuƙa ba ta shiga tsakani. Wurare biyun da ya bari suna nan daidai inda ya ce, na sa itace. Yaushe za a tayar da shi, da wane bango, ban sani ba. Wataƙila shekara biyu, wataƙila biyar.

Jiya Lahadi na ɗauko Mama daga bakin teku. Unguwar fili ce yanzu, kana iya takawa daga coci har rafi ba abin da zai tare ka. Ta tsaya tana kallon bakan a kwance. Ta zagaya da sandarta har wajen ƙafafunsa biyu, inda yake a buɗe, ta goge takalmanta a ciyawa, ta shiga. Na kifa mata bokiti ta zauna a tsakiya. Ta fi awa ɗaya tana shafa duwatsun da ke kusa da ita, tana gaya mini wanda ta fasa goshi a kai tana yarinya.

Da lokacin bas ya yi na miƙa mata hannu ta tsallake duwatsun, don ta nan hanya ta fi kusa, taku ɗaya ne. Ta make hannun ta ce, "Ni ɓarauniya ce? Ta ƙofa na shigo gidan ubana, ta ƙofa zan fita." Ta juya ta bi ta inda ta shigo, ni ma ta sa na bi. Bas ya tafi ya bar mu, sai da muka jira na yamma.

Ki karanta wa Kawu wannan duka, har motocin tara. Kada ki rage komai.

Naki,
Ermes